Kwat ɗaya, fararen riguna uku da Dickens: ina ɗalibar shari'a za ta sa 'yan kuɗinta?

Ummi: Assalamu alaikum jama'a. Shawarar masu sani ake nema. Ɗalibar shari'a ce wadda kuɗin hannunta ba su taka kara sun karya ba, ga zaman kotun gwaji da zuwa sanin makamar aiki a ofishin lauyoyi sun matso, ana son baƙi da fari masu kyan gani. Ga kuma son tsofaffin littattafan ƙagaggun labarai irin na su Dickens, waɗanda ba ta iya haƙura da su. Me za ta fara saya, me za ta bari? Kuma yaya ake gane na ƙwarai a cikin gwanjo, na sawa da na karantawa?

Barista Sani: Wa alaikumus salam. Kafin ta fitar da ko kwabo, ta nemi ƙa'idar sutura ta tsangayarsu ko ta kotun da za ta je, a rubuce. Wani wurin baƙi kaɗai ake yarda da shi, wani wurin shuɗi mai duhu ko ruwan toka ma ya halatta. Akwai inda aka ƙayyade tsawon siket, launin ɗankwali da irin takalmi. Kayan da aka saya aka hana shiga da su sun fi kowane kaya tsada.

Bayan nan lissafin bai da yawa: kwat ɗaya, siket ko wando biyu, fararen riguna uku, rufaffen baƙin takalmi ƙafa ɗaya. Riguna uku saboda ɗaya na jiki, ɗaya na igiyar shanya, ɗaya a goge tana jira. Na ƙasa biyu kuwa saboda siket da wando su ke shan zama da gogayya da kujera, suna mutuwa tun kwat na da sauran ƙarfinta.

Tela Habu: Barista ya faɗi adadi, bari in faɗi yadda ake dubawa. A kwat, kafaɗa ce komai. Ɗinkin kafaɗa ya tsaya daidai inda ƙashin kafaɗarki ya ƙare. In ya zarce ya zubo kan damtse, ko ya gaza har hannun ya tattare, a ajiye ta ko da kyauta aka bayar, domin gyaran kafaɗa sai an farke hannu da kwala da shafin ciki, kuɗin aikin ya kan fi kuɗin kwat ɗin. Amma rage tsawon hannu, matse ciki ta ɗinkin baya da na gefe, sauya maɓallai, duk ƙananan ayyuka ne. Don haka a gwanjo a nemi wadda ta zauna a kafaɗa ko da ta yi yalwa a ƙugu.

Sai a shafa ƙirjin kwat da tafin hannu a cikin haske. Yawancin kwat masu araha ana manna wani ƙyalle da gam a ƙarƙashin yadin ƙirji don ya tsaya. In zafin guga ko wanki ya saki gam ɗin, za a ga yadin ya yi ƙuraje-ƙuraje kamar iska ta shiga. Wannan ba ya gyaruwa. A juya ciki a duba shafi a hammata da bakin aljihu, nan yake fara yagewa. A ɗaga yadin sama a hango rana ta cikinsa: ƙananan huji a warwatse cin asu ne, kuma inda aka ga uku akwai goma da ba a gani ba.

Siket da wando: a duba rarar yadin da aka bari a ɗinkin baya. In akwai santimita 2 zuwa 3 a kowane ɓari, ana iya buɗawa in jiki ya ƙaru. Matsewa kuwa kada ta wuce santimita 5 a ƙugun wando, in ta wuce aljihunan baya za su haɗe da juna, kowa ya gane an rage. A ja zif sama da ƙasa sau uku. A miƙe ɗinki da hannu biyu a hankali. In zare ya bayyana kamar haƙoran mataji, ɗinkin ya yi faɗi. A inci ɗaya a ƙirga sukan allura: 12 zuwa sama ɗinki ne mai riƙo, ƙasa da 8 aikin gaggawa ne.

Anti Rabi: Malam Habu, a kan kwat ba ni da ja. Amma farar riga kam kada a saye ta a gwanjo. Fari ba ya ɓoye tarihinsa. Kwala da bakin hannu su ke fara cinyewa, hammata kuma ta kan yi rawaya saboda haɗuwar gumi da sinadarin alminiyam da ke cikin man hana gumi, kuma in guga ta bi ta kan wannan tabo ya zauna ke nan. A fitilar shago ba za a gani ba, sai an fita rana. Gara a sayi sabuwa mara ado, ko a yanki yadi a kai wa tela.

In yadi za a yanka, a jiƙa shi a shanya a goge kafin a kai ɗinki, domin auduga ta kan tsuke a wankin farko, kimanin kashi 3 zuwa 5 cikin ɗari. Hannun riga mai santimita 60 zai iya rasa biyu ko uku, sai ya ɓuya a cikin hannun kwat, alhali ana son kamar santimita ɗaya na farin ya leƙo. A sa tafin hannu a ƙarƙashin yadin, in ana ganin layukan tafin ta cikinsa ya yi shara-shara da yawa. Kwala kuma in an ɓalle maɓallin sama, yatsu biyu su shiga tsakaninta da wuya.

Kabiru: Ni inda na saɓa da yawancin masu ba da shawara shi ne wannan tsoron foliyesta da ake sa wa ɗalibai. Kowa sai ya ce a nemi ulu. Ulu na son wankin kamfani, asu na cin sa, in an jiƙa shi da ruwan zafi aka cuɗa ya dunƙule. Ɗalibar da ke lissafin kuɗin mota ina ta ga kuɗin kai kwat wanki duk wata? Foliyesta ba ya yamutsewa, ba ya zuba, yana bushewa da wuri. Wannan shi ne daidai aljihunta.

Tela Habu: Ɗan'uwa, gaskiyarka rabi ce. Foliyesta zalla ba ya shan gumi, sai ya riƙe zafi da wari, kuma baƙinsa na yin ƙyalli a gwiwar hannu da mazaunai, ƙyallin da ba ya komawa saboda zaren ne ya narke ya kwanta. Tsaka-tsakin shi ne gauraye: foliyesta da biskos (zare mai laushi da ake sarrafawa daga itace), ko foliyesta da ulu kusan rabi da rabi. Yana numfashi, yana riƙe karin guga. Kuma kwat ba a wanke ta duk wata ko ta ulu ce. A rataye ta a hanga mai faɗin kafaɗa, a bar ta ta sha iska kwana guda, a kakkaɓe da buroshi mai laushi daga sama zuwa ƙasa. Sau biyu a shekara ya isa wanki in ba wani abu ya zube mata ba.

Ga mai yankan yadi da ba a rubuta abin da ke cikinsa ba, a zaro zare biyu daga gefe a kusanta su da ashana a kan faranti. Auduga na ci da wuta da warin takarda, ta bar toka mai laushi. Ulu na warin ƙonannen gashi, ya bar baƙin dunƙule da ke murƙushewa a yatsa. Foliyesta narkewa yake yi, ya bar ƙwallo mai tauri da ba ya fashewa.

Kabiru: Gauraye na yarda. Abin da ban yarda ba shi ne a ce araha ba ta ado. Tana yi, in an iya zaɓe.

Anti Rabi: Tana yi in an iya kula kuma. Mafi yawan kayan ɗalibai a wurin wanki da guga suke mutuwa. A duba ɗan ƙyallen bayani da ake ɗinkawa a ciki, akwai hoton dutsen guga da ɗigo. Ɗigo ɗaya kusan digiri 110 ne, biyu 150, uku 200. Farar auduga na ɗaukar uku, ulu da gauraye biyu, mai zaren roba ɗaya. Baƙin kaya kada dutse ya taɓa fuskarsu kai tsaye: a juya su ciki, ko a shimfiɗa farin ƙyalle mai ɗan danshi a kai, a danna a ɗaga, kada a ja. A shanya su a inuwa, a juye, don rana ke koɗar da baƙi ya koma ja-ja.

Fari kuma a yi hattara da bilic mai kulorin. Yana cin zaren auduga a hankali, yana mai da foliyesta rawaya, yana kashe zaren roba mai miƙewa. Mai iskar oksijin ya fi, wanda ke zuwa a gari: a narka a ruwa mai ɗumi, digiri 40 zuwa 60, a jiƙa awa ɗaya zuwa biyu. A goga sabulu a kwala da hammata tun ranar da aka cire rigar, kada a tara ta mako. Sitaci kaɗan ya isa, kuma kada a adana riga da sitaci na tsawon watanni, ƙwari na bin sa.

Wani abin da ake mantawa: baƙi ba iri ɗaya ba ne. Akwai mai karkata zuwa shuɗi, akwai mai karkata zuwa ƙasa-ƙasa. In kwat daban siket daban za a saya, a tafi da kwat ɗin, a haɗa su a hasken rana kafin a biya.

Zainabu: Takalmi fa ba wanda ya taɓa. A gwanjo a lanƙwasa tafin da hannu sosai. Akwai tafin da ake yi da wata irin roba mai suna foliyuretan, in ya daɗe a ajiye danshin iska na ruguza shi daga ciki. A ido sabo fil, a taka kwana biyu ya farfashe kamar busasshen burodi. In an lanƙwasa aka ga tsaga ko ya yi danƙo a yatsa, a bar shi. Haka fatar roba, ta kan fara ɓarewa a inda yatsu ke lanƙwasa, kuma ba man da ke tsayar da ita. Fata ta gaske tana yin layi amma ba ta ɓarewa, gefenta in an duba yana da gashi-gashi. A gwada takalmi da yamma lokacin da ƙafa ta ɗan kumbura. Dunduniya kada ta wuce santimita 5 ga mai yini a tsaye, kuma a sauya robar ƙarshenta tun kafin ƙarfen ya fito, wannan aikin minti goma ne wurin mai gyara.

Sadiya: Duk kun yi bayani mai amfani. Amma ni a ganina littattafan labari su jira. Littattafan kwas kansu nauyi ne, ga hukunce-hukuncen da za a karanta ba iyaka. In ma dole ne, su Dickens kyauta suke a intanet. Me zai sa a kashe kuɗi a kan takarda?

Malam Nura: Malama Sadiya, batun kyauta gaskiya ne, kuma ya kamata ɗalibar shari'a ta san dalili. Yarjejeniyar Berne, wadda ƙasashen duniya suka ƙulla kan haƙƙin marubuta, ta sa mafi ƙarancin wa'adin haƙƙin mallaka ya zama rayuwar marubuci da shekara 50 bayan mutuwarsa, ƙasashe da yawa kuma sun kai shi 70. Dickens ya rasu a 1870, don haka rubutunsa na kowa ne. Project Gutenberg, rumbun littattafan kyauta na intanet wanda Michael Hart ya fara a 1971, yana da su, shafin LibriVox kuma na da su a murya, masu sa kai ne suka karanta. Sai dai fassara tana da nata haƙƙin daban. Crime and Punishment na Dostoevsky ya fito da Rashanci a 1866, amma abin da za a samu kyauta da Turanci galibi fassarar Constance Garnett ce ta 1914. Sababbin fassarori na masu su ne har yanzu.

To ga yadda zan raba. Gajeren littafi, ko wanda ake son a ɗanɗana a gani, a karanta a waya. Dogo mai mutane da yawa, wanda za a riƙa komawa baya ana neman wane ne wane, a saye shi a takarda, kuma a sayi bugu mai bayanai a ƙarshe. Bleak House na Dickens babi 67 ne, kusan shafi dubu, cike da kalmomin kotunan Ingila na wancan zamani. Ba tare da bayanan edita ba rabin daɗinsa zai wuce mai karatu. Bugun Penguin Classics da na Oxford World's Classics suna da gabatarwa da bayanai. Na Wordsworth da Dover Thrift sun fi araha, sai dai rubutun kan yi ƙanana kuma takardar ba ta kai ba.

Sadiya: Na ji ta fuskar bugu. Ta fuskar lokaci fa? Shafi dubu ba wasa ba ne ga mai jarrabawa a gaba.

Barista Sani: Bleak House ɗin ma ba a dunƙule ya fito ba. Kashi-kashi aka riƙa buga shi duk wata, daga Maris 1852 zuwa Satumba 1853, babi uku ko huɗu a kowane kashi. Wanda ya bi wannan tsari, babi ɗaya kafin barci, zai gama a wata biyu da 'yan kwanaki ba tare da ya taɓa lokacin kwas ba.

Kuma ban ɗauke shi ɓata lokaci ba. Dickens ya yi aikin akawu a ofishin lauyoyi yana ɗan shekara 15, daga baya ya zama mai ɗauko rahoto daga kotu, ya san abin da yake faɗa. Shari'ar gado da ke tsakiyar littafin a Kotun Chancery take, kotun da ta haifi ekwiti, wato ƙa'idojin adalci masu sassauta tsaurin doka, da ake koya wa ɗalibai a yau. Ɗalibi na haddace cewa dokokin 1873 zuwa 1875 sun haɗe kotunan ekwiti da na dokar gama-gari a Ingila, amma littafin kwas ba ya sa ka ji a jikinka abin da jinkirin shari'a ke yi wa mai ƙara da iyalinsa. Labarin yana yi. Haka Pride and Prejudice na Jane Austen, na 1813: duk damuwar gidan ta taso ne daga sharaɗin gado da ya ɗaure gidan ga magaji namiji, ga 'ya'ya mata biyar. Wanda ya karanta shi, darasin dokar ƙasa da gado zai zo masa da fuskokin mutane. Sannan aikin lauya karatu ne na dogon zango da riƙe zaren magana. Mai iya bin jimlar Dickens har ƙarshenta ba zai ɓace a tsakiyar hukunci mai shafi 80 ba.

Zainabu: Ga wani abin da ya haɗa batutuwan nan biyu. Raskolnikov, jarumin Crime and Punishment na Dostoevsky, tsohon ɗalibin shari'a ne da talauci ya fitar daga jami'a, kuma akwai wurin da abokinsa Razumikhin ya je ya haɗo masa kayan sawa na hannu, hula da wando da takalmi, yana lissafa kuɗin kowanne. Duk ɗalibar da ta taɓa tsayawa gaban tarin gwanjo za ta gane wannan shafi.

Ummi: Allah ya saka da alheri. Malam Nura, littafin hannu fa, me ake dubawa a jikinsa?

Malam Nura: Amin. Na farko, a tabbatar cikakke ne. A buɗe shafin da ke bayan sunan littafi a karanta ƙananan rubutun. In an taƙaita ko an sauƙaƙa don masu koyon harshe, a nan ake faɗa. Kauri ma na nunawa. Les Misérables na Victor Hugo, wanda ya fito a 1862, cikakkensa da Turanci ya haura shafi 1,200. In aka miƙo miki mai shafi 300, an yanke fiye da kashi uku cikin huɗu. In fassara ce kuma ba sunan mai fassara ko'ina, alamar bugun ganima ce.

Na biyu, ɗauri. A dubi littafin ta sama, daidai gadon bayansa. In takardun sun bayyana ƙulli-ƙulli a naɗe, ɗinkakke ne, yawanci shafi 16 ko 32 a kowane ƙulli, zai daɗe. In a miƙe suke cikin gam, mannawa aka yi. Na manne ba laifi ba ne, yawancin masu laushin bango haka suke, amma tsohon gam na bushewa. A buɗe tsakiya a hankali: in aka ji ƙas, ko aka ga gam ya tsage fari, shafuka za su fara zubewa kafin a kai rabi. Littafi mai kauri ya fi shiga wannan haɗari.

Na uku, a bi lambobin shafi da babban yatsa, musamman goman farko da goman ƙarshe, nan suke ɓacewa. Akwai kuma bugun da ake kwafo rubutu daga intanet a buga ba tare da an duba ba. Ana gane shi da faɗin shafi fiye da kima, ƙananan haruffa, layuka a cunkushe, da kurakurai tun shafin farko.

Na huɗu, hanci. Rawayar takarda ba cuta ba ce, sinadarin itacen da aka yi ta da shi ne ke sauyawa da iska da haske, sai in ta kai gefen shafi na karyewa da taɓawa. Jajayen ɗige-ɗige ma ana iya zama da su. Amma warin danshi da tabo mai gari-gari, baƙi ko kore, fumfuna ce, tana yaɗuwa zuwa sauran littattafai kuma tana tayar wa mai asma ciwo. Wannan a bar wa mai shi.

Kabiru: In an riga an saya aka ga ƙananan huji da gari a tsakanin shafuka fa?

Malam Nura: Ƙwaro ne, kuma mai yiwuwa ƙwansa na ciki. A tabbatar littafin a bushe yake, a sa shi a leda a matse iskar a ɗaure, a saka a firiza mai sanyin digiri 18 ƙasa da sifili na mako guda. In an fitar kada a buɗe ledar sai ta kwana, don raɓar ta taru a bayan leda maimakon kan takarda. Haka ake yi wa kwat ɗin ulu da ake zargin asu. Shafin da ya fita kuma kada a kama shi da salatif, gam ɗinsa na ratsa takarda ya bar tabo mai ruwan ƙasa, ledar ta faɗi bayan 'yan shekaru. Sufa gulu ya fi muni, yana ƙandarewa ya karya gadon bayan. Farin gam na PVA irin na masu ɗaurin littafi ake so: a shafa siririn layi, kamar milimita 2, a gefen shafin da tsinke, a zura shi wurinsa, a sa leda a kowane ɓari don kada ya kama maƙwabtansa, a rufe a ɗora nauyi har gobe.

Anti Rabi: Ummi, tunda kuɗin ba za su isa a yi komai rana ɗaya ba, ta fara da takalmi da riguna biyu, su ne ba a iya ara saboda awo da tsabta. Kwat ana iya ara na zaman farko, har a samu wadda ta zauna a kafaɗa ba tare da gaggawa ba. Ta rubuta awonta a waya, faɗin kafaɗa, ƙirji, ƙugu, tsawon hannu, ta riƙe tef ɗin awo a jaka, domin lambar da ke jikin kaya ta bambanta daga kamfani zuwa kamfani kuma ba ko'ina ake barin gwaji ba. Ta ware kamar kashi ɗaya cikin biyar na kuɗin kayan don tela.

Sadiya: To na sauko, amma da sharaɗi: littafi ɗaya a lokaci ɗaya, ba a sayen na gaba sai an gama na hannu. Kuma ta leƙa laburaren jami'a tukuna, sashen adabi yakan ajiye irin waɗannan.

Barista Sani: Sharaɗin ya yi. Ta fara da na Dostoevsky, kashi shida ne da ɗan rufewa, yana da saurin tafiya, kuma zaman tambayoyin da mai bincike Porfiry ke yi wa Raskolnikov ya cancanci a karanta da fensir a hannu, a lura da inda yake tambaya da inda yake yin shiru. Bleak House ta bar shi sai dogon hutu, ko sai zangon da za su fara ekwiti.